Aikin da Baba Ya Bar wa Mai Alli

Sallama gare ku, masu bin labarin nan tun farko da waɗanda yau ne suka leƙo. Ba zan ja ku da nisa ba. Mahaifina ya rasu bara, ni ce autarsa, ina aiki a kantin magani, kuma akwai mai neman aurena wanda kowa a gidanmu ya yarda da shi. Mutumin kirki ne, kuma nan matsalar take. Da mugu ne da tuni na huta.

Masu turo min saƙo cewa in yi haƙuri in karɓa, na gani. Ke da kika ce girman kai ke damuna, na ga naki ke ma. Ku bari in gaya muku wane ne Baba tukuna, don ba za ku gane mai neman nawa ba sai kun san mutumin da ya raine shi.

Baba malamin firamare ne. 'Yan aji huɗu yake koyarwa tun kafin a haife ni, kuma a ajin nan ya tsufa. An sha yi masa tayin shugabancin makaranta yana ƙi, wai ba zai iya zama a ofis yana jin muryar yara ta bango ba. Dogo ne siriri. Fararen rigunansa 'yan kaɗan ne, shi yake wanke abinsa ranar hutu, ya goge yana sauraron rediyo. Hannunsa na dama ya rine da alli, ko ya wanke da sabulu sai ka ga fari a gefen farcensa.

Bai taɓa dukan yaro ba, kuma ba don ba ya fushi ba ne. Dabararsa daban ce: duk yaron da ya shigo ajinsa sai ya ba shi aiki. Wannan shi ke buɗe taga da safe, wannan ita ke kaɗa ƙararrawa, wancan ya goge allo, wani ya riƙe kwalin alli. In yara sun fi ayyukan yawa sai ya ƙirƙiro wasu. An yi yaron da aikinsa kawai ya duba ko gizo-gizo ya yi saƙa a kusurwar aji. Baba yakan ce yaron da ya san ana jiransa ba ya fashin makaranta. Da aikin kuma yake kiran yaro, har sunan ya bi mutum ya girma da shi. Yau Mai Taga bakanike ne mai furfura da 'ya'ya cike da gida, Mai Ƙararrawa likita ce a babban asibiti, amma in sun haɗu haka suke kiran juna, ba mai jin kunya.

A gida ma bai bar mu ba. Yayana namiji, wanda nake kira Yaya, shi ne mai kashe fitilu. Ni kuwa tun ban iya ɗaura ɗankwali ba aikina shi ne in tsaya a bakin ƙofa in karɓi jakarsa in ya dawo. Jakar ta fi ƙarfina. Sai ya riƙe hannunta ta sama, ni ina rungume da ƙasanta, mu shiga tare, ya dubi Umma ya ce yau ba don Auta ba da bai iso gida ba. Daga nan ya cire riga ya zauna a dokin ƙofar kicin da singileti, yana yanka wa Umma albasa saboda idonta ba ya so, yana ba ta labarin wanda ya yi kuka yau da wanda ya iya rubuta sunansa. Maƙwabta sun yi ta gulmar namiji a bakin kicin har suka gaji. Ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. In ta yi fushi sai ya miƙe tsaye ya harɗe hannu a baya kamar ɗan aji huɗu, ya ce yana jiran hukunci. Dole ta yi dariya.

Wannan shi ne mutumin da ciwon ƙoda ya kwantar. Ni na yi jinyarsa a asibiti, don ni ce na san magunguna, Yaya kuma yana can wurin aikinsa a wani gari. Da labari ya bazu, tsofaffin ɗalibansa suka riƙa zuwa, manya-manyan mutane da tumbi da tabarau, su tsaya a gefen gado su rasa abin cewa, wasu su fashe da kuka. Baba ba ya son ganin babba yana kuka a gabansa. Sai ya yi abin da ya saba: ya ba kowa aiki. Ya ce wa Mai Taga ya riƙa duba masa famfon gida don yana ɗiga. Ya ce wa Mai Ƙararrawa ta kula da hawan jinin Umma. Wani ya ba shi bishiyar lemon tsakar gida, wata ya ba ta labulen falo. Ina zaune a kan kujerar roba ina kallo. Duk wanda aka ba aiki sai ya share hawaye, ya gyara tsayuwa, ya fita kamar an ɗora masa sarauta.

Mai Alli, wato mai neman nawa, ya zo da yamma. Mai zanen gine-gine ne, ya girme ni da kusan shekara goma, bai yi aure ba. Yana yaro i'ina gare shi mai tsanani, ba ya magana da kowa, yara suna tsokanarsa. Baba ya ba shi kwalin alli don dole kullum da safe ya zo gaban aji ya ce "ga shi, Malam." Da kalma ukun nan bakinsa ya buɗe. Ranar nan a asibiti ya durƙusa ya kifa kansa a kan zanin gado, kafaɗunsa suna rawa. Baba ya duba ɗakin, ina jin ayyukan gida sun ƙare masa, sai idonsa ya sauka a kaina.

Ya ce, "Kai kuma ka kula min da Auta. In ranta ya ɓaci ba ta cin abinci."

Iyakar maganar ke nan. Na ji ta da kunnena.

Bayan rasuwarsa, kowa ya kama aikinsa. Da farko mun ji daɗi, mun ce Allah ya yi wa Baba albarkar ɗalibai. Amma wata ya wuce, wani ya bi, ba wanda ya sauke. Mai Taga ya kwance famfonmu ya ɗaura, ya sake kwancewa, har ya daina ɗiga ya koma tsiyaya. Mai Ƙararrawa ba ta shigowa sai da na'urar awo a jaka. Umma ta ce min a ɓoye da zarar ta ga jakar nan take jin jininta ya hau. Mai lemo ya sassare rassan har bana bishiyar ba ta yi 'ya'ya ba. An sauya labulen falo da wani mai ruwan zinariya wanda Baba da ya gani da ya ce an mai da gidansa ɗakin taro. In sun gama aiki kuma ba sa tafiya. Su zauna a falo su yi ta labarin Malam, su yi dariya, su yi kuka, Umma tana dafa shayi tana rarrashinsu. Matar da mijinta ya mutu ita ke cewa wasu su yi haƙuri. Tun safe take saka mayafi a cikin gidanta, ba ta cirewa sai an yi sallar isha.

Zan faɗa muku gaskiya ko ba ta yi muku daɗi ba. In kun je gidan da aka yi rashi, ku yi addu'a ku tashi. Kada ku kai wa matar mamaci kukanku ta ɗauka ta haɗa da nata. Da yawanmu abin da muke kira zumunci neman sauƙin zuciyarmu ne kawai, a kan wanda ya fi mu ciwo.

Mai Alli ya fi kowa riƙon aikinsa. Kullum da safe, kafin in gama shafa mai, wayata za ta yi ƙara a kan madubi.

"'Yar Malam, barka da asuba. Kin karya?"

In na yi jinkirin amsawa wani ya biyo: "Kada ki fita da yunwa. Malam ba zai so ba."

Da rana ya aiko da abinci kantinmu a kula mai hawa-hawa, har abokiyar aikina ta daina zuwa da nata. Da yamma in na cire farar rigar aiki na fito, motarsa mai ruwan toka tana tsallaken titi. Yakan fito ya buɗe min ƙofar baya. Sai da na yi masa magana kafin ya yarda in zauna a gaba. Motar tsaf take, ba ko ƙura, shi ma rigarsa a goge kamar yanzu aka ɗauke ta daga kan tebur. Hirar hanya kuwa guda ce. Ranar da Malam ya kai su kallon jirgin ƙasa. Ranar da ruwa ya kwashe rufin aji Malam ya ci gaba da darasi a ƙarƙashin lema. Yadda Malam yake rubuta lamba bakwai. Na ji wasu labaran har na haddace, amma ba na katse shi, don in yana ba da su sai in ji kamar Baba yana kujerar baya.

A nan ne na cuci kaina, kuma ba zan ɓoye muku ba. Na fara tsayawa a gaban madubi kafin a tashi aiki. Na daina saka baƙin hijabin nan da na manne wa tun rasuwa, na koma doguwar riga mai ruwan zuma da gyale marar nauyi. Na sayi turare. Ranar da aiki ya riƙe shi bai zo ba, na hau motar haya ina jin haushin kowa. Mutum ne mai natsuwa, ba ya kallon mata a titi, in yana tuƙi hannunsa biyu a kan sitiyari. Zuciya ba ta neman izini. Sai dai duk kwalliyar da na yi, bai taɓa cewa komai a kai ba. Ranar da na fara saka rigar ruwan zuman, ya dube ni da kyau, na zaci zai yaba, sai ya ce na rame, anya ina cinye abincin da yake aikowa?

Maganar aure ba daga bakinsa na ji ta ba. Wurin Yaya ya je. Yaya ya kira Baffa, ƙanin Baba, suka gama magana a tsakaninsu, sannan Yaya ya zo gida hutun ƙarshen mako ya same ni ina wanke-wanke ya sanar da ni, fuskarsa cike da fara'a kamar wanda ya kawo min kyauta. Ya ce Allah ya rufa mana asiri, mutumin da Baba ya zaɓa da bakinsa ya fito.

Na ce masa ina wurin aka yi maganar, kuma Baba bai ambaci aure ba. Na ce aiki ne irin wanda ya ba mai famfo da mai labule.

Yaya ya daina murmushi. Ya ce, "Yanzu ke kin fi mu sanin abin da Baba yake nufi? Uba yana kan gadon mutuwa ya dubi saurayi marar aure ya ce ya kula masa da 'yarsa. Me kike so ya ce, ya kira liman?"

Na ci gaba da wanke-wankena. Kuma gaskiya maganarsa ta shige ni. Na yi ta juya ranar nan a raina, yadda Baba ya duba ɗakin, yadda idonsa ya tsaya a kaina. Ko ya daɗe da tunanin? Ko ni ce ban gane ba? Wanda zan tambaya yana ƙarƙashin ƙasa. Yaya bai yi jinya ba, bai sami sallama da Baba ba, kuma na san abin yana cinsa. Cika wannan magana ita ce hanyar da ta rage masa ya yi wa Baba wani abu. Na gane hakan, amma ni ce za a kai gidan wani.

Na sami Umma a ɗaki tana ninke kaya. Ba ta ce ki yi ba, ba ta ce kada ki yi ba. Ta ce yaron kirki ne, ta ci gaba da ninki. Idonta ya faɗa, wuyanta ya yi tsawo. Na ji kunyar ƙara mata kaya, na fita.

Ana cikin haka, ina kanti ina jera kwalaben maganin tari, saƙon Mai Ƙararrawa ya shigo: "Auta, barka! Malam zai yi farin ciki a kabarinsa." Ƙasan saƙon ta turo hoton abin da Mai Alli ya rubuta a zauren tsofaffin ɗalibai na waya. Ya ce yana sanar da 'yan uwa cewa in Allah ya yarda zai cika amanar da Malam ya ɗora masa, yana neman addu'a. Ƙarƙashinsa addu'o'i ne jere da hotunan Baba. Na karanta daga sama har ƙasa ina neman inda ya ce yana sona, ko inda ya ambace ni a matsayin mutum. Babu. Amana kawai.

Na zauna a kan kwali a bayan kanta. Abokiyar aikina ta leƙo ta ce lafiya, na ce kaina ke ciwo. Ta ce ai magani ba ya mana wuya a nan. Ban iya dariya ba.

Baffa ya sa ranar Asabar zai zo da yamma ya ji ta bakina, don magabatan Mai Alli suna son a ba su lokacin zuwa. Ran nan rabin yini nake yi a kanti. Mai Alli ya zo ɗaukata kamar kullum. Na saka tsohon hijabina, ban shafa komai a fuska ba. Yana cikin labarin yadda Malam ya taɓa ɗinke masa jakar makaranta da hannunsa muka shigo layinmu. Na hango motar Baffa a ƙofar gida. Na ce ya tsaya a nan bakin layi, gaban shagon mai gyaran takalmi. Ya tsaya, ya kashe mota, ya tambaya ko mantuwa na yi.

Na ce, "Yaya Mai Alli, tambaya ɗaya zan yi maka."

"Ina jin ki, 'Yar Malam."

"Da Baba bai ce maka komai a asibiti ba, za ka nemi aurena?"

Ya kalli gilashin gaba. Can ya ce Malam ba ya magana a banza, duk abin da ya faɗa da dalili. Sai na gaya masa abin da ban gaya wa kowa ba: bayan fitarsa ranar nan, mai sharar ɗakin ta shigo tana matsar hawaye, Baba ya ce mata daga yau ita ce mai kula da labulen taga. Tsohon da ke gadon kusa ma bai tsira ba, an ba shi gadin ledar ƙarin ruwa, in ta kusa ƙarewa ya yi kira. Mai Alli ya yi 'yar dariya, idonsa ya kawo ruwa, ya ce haka Malam yake.

Na ce, "Ba ka amsa min ba."

Bakinsa ya motsa, kalmar ta maƙale. I'inar da ya rabu da ita tun yarinta ta dawo masa a gabana, har na ji tausayinsa na so in ce ya bari. Ban ce ba. Ya riƙe sitiyari da ƙarfi har ta fito.

"A'a. Da ban zo ba. Da ko ido ba zan ɗaga in dube ki ba. Ke 'yar Malam ce."

Na san amsar tun kafin in tambaya, amma jin ta daban ne. Na tambaye shi yanzu fa, bayan duk watannin nan.

Ya ce, "Yanzu ban san wanne ne na Malam, wanne ne nawa ba."

Na gode masa da bai yi min ƙarya ba. Na ce ya yi aikinsa, ya yi fiye da yadda aka sa shi, na ci abinci, ban mutu ba, na sallame shi. Ya girgiza kai a hankali.

"Ba ke kika ba ni aikin ba, Auta. Wanda ya ba ni kuma ba zai dawo ya karɓa ba."

Na ce to ni ba kwalin alli ba ce da za a riƙe har a tashi aji. Na buɗe ƙofa na fita. Bai kira ni ba, bai kuma tayar da motar ba. Na taka zuwa gida.

A falo Baffa yana kan kujerar Baba, hularsa a kan gwiwa. Yaya yana gefe. Umma tana ƙasa a kan darduma kusa da ƙofa, mayafi har goshi. Na durƙusa na gaishe su. Baffa mutum ne mai sanyi, ya yi ta zagaye, ya yabi yaron, ya yabi iyayensa, ya yi wa Baba addu'a, sannan ya ce to Auta, me za mu ce wa mutanen nan?

Na ce, "Baffa, a ba su haƙuri."

Ya tambaya ko wani abu na gani a halinsa. Na ce ban ga komai ba sai alheri. Ya tambaya ko akwai wani ne. Na ce babu. Na ce na tambaye shi ne ko don ni ya zo, ya ce a'a, ni kuma ba zan iya zama da mutumin da kullum in ya dube ni mahaifina yake gani ba. Ranar da muka saɓa ba zai iya yi min faɗa ba, ranar da ya gaji da ni ba zai iya faɗa ba, haka za mu tsufa yana yi min ladabi.

Yaya ya miƙe. Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya ce mata nawa ke neman mijin da zai yi musu ladabi su rasa. Ya ce gari ya riga ya ji, ɗaliban Baba sun riga sun yi addu'a, da wane ido za mu dube su. Ya ce abu ɗaya Baba ya roƙa a ƙarshen rayuwarsa, shi ne na sa ƙafa na ture. Wannan ta same ni a inda ba na so. Na sunkuyar da kai ina kallon zanen darduma.

Baffa ya juya wurin Umma ya ce ita me ta gani. Ta gyara mayafinta. Sannan ta ce, "Kun dai ji ta."

Baffa ya saka hularsa ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Yaya ya raka shi, daga can ya wuce tasha ko jakarsa bai dawo ya ɗauka ba. Kafin magariba wayata ta cika. Mai Ƙararrawa ta ce in yi tunani, shaiɗan ne. Wata da ban ma san lambarta ba ta ce Malam bai cancanci haka daga jininsa ba. Mutanen da Baba ya koya wa rubutu suna amfani da shi suna zagin 'yarsa. Daga Mai Alli ba ko kalma. Na kashe wayar na jefa a cikin durowa.

Washegari na fito da safe na tarar da abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni: ƙofar gidanmu a rufe bayan gari ya waye, da kwaɗo a jiki ta ciki. Umma tana zaune a tsakar gida a kan tabarma, ba mayafi, ba ɗankwali, furfurarta a waje, ta miƙe ƙafafu. Na tambaye ta lafiya. Ta ce lafiya lau, yau dai ba mai shigowa, ko famfon zai cinye gidan. Ta buga gefen tabarmar ta ce in zauna.

Ta ce kowa ya yi kukan Malam, ita ba ta sami wurin yin kukan mijinta ba. Sai ta fara ba ni labarin wani mutum da ɗalibai ba su sani ba. Ashe Baba yana tsoron kaza. In kaza ta shigo gidan sai ya sami dalilin shiga ɗaki. Ashe minsharinsa ya sa ta yi shekaru tana toshe kunne da auduga, yanzu kuma shirun ne ke hana ta barci. Ta ce farkon aurensu ya taɓa dafa mata shinkafa tana zazzaɓi, ya zuba sukari a madadin gishiri, ya zauna ya cinye shi kaɗai don kada ta sani. Muka yi dariya har na riƙe ciki. Dariyar ce ta juye mata a tsakiya. Ta kifa kanta a cinyata ta yi kuka irin wanda ban taɓa ji daga bakinta ba, mai sauti, ba kunya, ba mai cewa ta yi haƙuri. Ni ma ban ce ba.

Muna haka aka buga ƙofa. Ba wadda ta tashi. Aka sake bugawa, sannan murya ta zo ta ramin ƙofar, tana sarƙewa.

"Auta, ni ne. Ba... ba aiko ni aka yi ba. Ni na zo."

Ku da kuke karatu, na san wasunku har sun fara murmushi. Ku dakata. Ɗaliban Baba sun iya gyara amsa in an dawo musu da takarda, kuma dare ɗaya ya isa mutum mai ƙwaƙwalwa ya gano abin da ake so ya ce. Amma kuma mutumin nan jiya ya faɗi gaskiyar da ta kashe masa aure, alhali ƙarya ɗaya ta ishe shi.

Umma ta ɗago, fuskarta jiƙe. Ta ce makullin yana kan firji. Ta ce ba za ta ce in buɗe ba, ba za ta ce kada in buɗe ba, ita ta gaji da karɓar baƙi, wannan kuma ba nata ba ne.

Ya sake bugawa, a hankali. Umma ta juya fuskarta bango ta ci gaba da kukan mijinta, ta bar ni da ƙofa.